Uwar da Ta Kasa Faɗin Suna

Hausari, Maiduguri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka Monguno lafiya, ba a shanya ku a rana a shingayen hanya ba. Allah Ya tsare min ke a tafe da zaune, Ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe, Ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama. Babanku yana gaishe ki. Ƙannenki ma haka, duk da tun ba ki fita ba suka fara rigimar wa zai gaji ɗakinki, marasa kunya.

Na san za ki yi mamakin tsintar ambulan a ƙasan akwatinki, tsakanin lafayarki da ƙullin turaren wuta. Ni na cusa shi lokacin da kika tafi sallama gidan gwaggonki. Kin san ni da ke ba ma doguwar magana. Ke ce ta fari, yadda na taso na ga ana yi da ta fari haka na yi da ke. Bakina da ke bai wuce "an ci abinci?" da "a dawo lafiya" ba, ko sunanki ban taɓa kamawa ba, Yayar da ƙannenki ke kira ita na ara. Amma yau za ki kama aikin jin daɗin jama'a, aikin da na tsufa a cikinsa, kuma akwai abin da in na bar ki kika tafi ba ki sani ba, na cuce ki. Tunda baki ya ƙi, biro ya yi.

Kurakuraina zan zayyana miki, kuma a ƙarshensu akwai aike. Kin san Dija, yarinyar da ke hannun Ya Falmata a Mafoni, wadda kike koya wa lissafi ranar Asabar. Ku duka kun ɗauka marainiya ce. To ba marainiya ba ce. Uwarta ta zo har gabana neman ta, ni na mayar da ita hannu biyu babu komai, yau shekara goma ke nan. Kuma ina da dalilin zaton matar tana nan garin da aka tura ki. Ki zauna ki karanta a tsanake, kada ki yi min irin karatun nan naki na tsallake.

Lokacin da mutanen ƙauyuka suka gudo suka cika gari kina makarantar kwana, ba ki ga rabin abin ba. Ofishinmu ya samu wani gida mai ƙatuwar darbejiya a tsakar gida, aka mai da shi wurin ajiye yaran da suka rabu da iyayensu a hanya. Ni aka ɗora wa nemo dangi da miƙa yara. Ya Falmata kuwa ita ce mai girki, kuma a gaskiya ita ce uwar gidan, don yaran ita suke bi, ni tsorona suke ji saboda tabarau da fayil.

Kuskurena na farko na taushin zuciya ne da gaggawa. Mu da wayonmu muka rubuta sunayen yaran a babbar takarda muka liƙa a ƙofar gida, wai don masu nema su gani. Wata safiya wata mata ta faɗo mana da ihu, ta zube ƙasa tana birgima, tana "Amina! Aminata! Wayyo 'yata!" Muna da Amina kuwa, 'yar shekara bakwai. Aka fito da ita, matar ta rungume ta kamar za ta karya ta. Yarinya ta tsaya ƙiƙam, ko motsi. Na ce ai firgici ne, abin da yaran nan suka gani ba kaɗan ba ne. Ni kaina hawaye nake. Na sa matar ta dangwala hannu, na miƙa mata yarinya, har ina jin na yi aikin lada kafin azahar.

Ban bi sawu ba. Na ce gobe, na ce jibi, aiki ya danne ni. Sai bayan wata huɗu, ina cikin keke a Bulabulin, na hango wata 'yar ƙanƙanuwa tana jan jarkar ruwa wadda ta kusa kai tsayinta. Na ce wa mai keke ya tsaya. Amina ce, hannuwanta duk sun saɓule da wanki. Ashe matar sunan ta karanta a ƙofarmu, 'yar aiki take so wadda ba mai zuwa tambayar ta. Da taimakon bulama, wato mai unguwa, na karɓo ta ran nan. A keke na ce, "Haba Amina, me ya hana ki ce ba mamanki ba ce?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ai ba ki tambaye ni ba."

Ki riƙe wannan. Yaro mutum ne, yana da baki. Ki kai shi gefe, inda ba idon wanda ya zo ɗaukar sa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki tambaye shi, ki jira amsa ko za ta kai sa'a guda. Kada ki taɓa liƙa sunan yaro inda kowa zai gani. Kuma miƙa yaro ba shi ne ƙarshen aiki ba, farkonsa ne. Ki je gidan bayan mako, ki koma bayan wata, ki je ba tare da kin sanar ba. Ki duba hannuwansa da ƙafafunsa, ki ga inda yake kwana, ki ga ko kwanonsa ɗaya da yaran gidan. Amina daga baya kawunta na gaskiya ya bayyana, Allah Ya rufa min asiri. Amma watanni huɗun nan ni na jefa ta cikinsu.

Daga nan na yi rantsuwa ba mai sake yi min wasa da hankali. Na zama ƙarfe. A daidai lokacin aka tura mu wani kwas, aka ba mu fom mai akwatuna: shin mai nema ya faɗi sunan yaro, shin yaro ya gane shi, shin an ga alamar shaƙuwa. Kada ki ji na zagi fom. Fom ɗin da kyau, da ina da shi tun farko da Amina ba ta ja jarka ba. Laifina shi ne na ɗauki fom na ajiye hankalina, na bar duk abin da na sani na gida a bakin ƙofar ofis tare da takalmina.

Dija tana da kamar shekara huɗu aka kawo ta. Wasu masu gudu ne suka tsince ta a gefen wata tsohuwa da ƙarfinta ya ƙare a hanya. Ba ta magana sai sunanta, sai "Dada", wato tsohuwar. Ta kusa wata biyar a wurinmu, ta fara sakewa, kullum tana maƙale da zanen Ya Falmata.

Sai ranar wata Litinin, layi ya yi tsawo, zafi kamar a gasa mutum, ga ogana zaune a gefena da wata baƙuwa da ta zo duba yadda muke aiki. Wata Bafulatana ta iso gaban tebur, siririya, ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe mu, idonta a ƙasa. Ta ce an faɗa mata akwai wata yarinya a nan da aka tsinta tare da tsohuwa.

Na ce, "Yaya sunanta?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Baiwar Allah, ga layi. Yaya sunan yarinyar?"

Ta ce, "Wata 'yar fara haka, tana da tsaga biyu ƙanana a gefen baki."

Na ce, "Ba kamanninta na tambaye ki ba. Kowa zai iya leƙowa ta katanga ya ga kamanni. Suna."

Ta sake sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. Na sa aka fito da Dija. Ina kallon matar da kyau, irin kallon da aka koya mana. Ba ta yi ihu ba, ba ta miƙa hannu ba. Ta ɗago sau ɗaya ta dubi yarinyar, sai ta kawar da kai ta dubi darbejiya. Dija kuwa ta shige bayan Ya Falmata ta leƙo da ido ɗaya. Na ce, "Dija, wannan mamanki ce?" Ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Adda ce."

Na juya ga matar. "Ke ce kika haife ta?"

Ta ce, "Ta tsohuwa ce."

Na ce, "To je ki zo da tsohuwar."

Wallahi haka na ce, Yaya. Tsohuwar da fayil ɗin gabana ya nuna ta rasu a hanya. Na ɗauki biro na cike akwatuna uku: ba ta faɗi suna ba, yarinya ta ce ba uwarta ba ce, babu alamar shaƙuwa. Baƙuwar ta gyaɗa kai, oga ya ce ka ga aiki. Har wani daɗi na ji.

Yanzu ke da kanki ki duba. Wace mace ce a ƙasar nan ba ta san uwa ba ta kama sunan 'yar fari ba? Balle Bafulatana, waɗanda kunyarsu ta ninka tamu. Wa bai san ana yaye ta fari a miƙa wa kaka ba, ta tashi tana kiran kaka uwa, tana kiran wadda ta haife ta Adda, wato yaya? Wace uwa ce za ta rungumi 'yar farinta a gaban namiji baƙo da taron jama'a? Duk abin da na rubuta a matsayin shaidar ƙarya, shi ne shaidar gaskiyarta. Kuma wa ya yi wannan aika-aika? Ni. Ni da a ranar ina da ke a makaranta, in na je ziyara sai dai in ce wa mai gadi a kira min "yarinyar nan ta Malam Sani". Na sani sarai. Amma na ji nauyin in tsaya gaban baƙuwa ina bayanin kunya da kara, kada a ce ma'aikaciya guda ba ta waye ba. Kuma Amina tana tsaye a raina, duk wanda ya zo ɓarawo nake gani.

To ki ji. Kada wani kwas ya sa ki ji kunyar abin da kika sani. Fom yana tambayar abin da ya sani ne, ke ce aka aika ki tambayi sauran. Mai gaskiya ba lallai ya iya kuka ba, maƙaryaci kuwa ya fi kowa iya shi. Kada ki tambayi mace zancen cikinta a kan layi, a gaban maza. Ki tashi daga kujera, ki shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, ki ba ta ruwa, ki bar ta ta fara da zancen shanunsu ko gonarsu in ta ga dama. In ba ta jin Hausa sosai, ki nemo mata mace mai jin yarenta, ba wani ɗan unguwa da gobe zai kai zancen majalisa ba. Kuma kada ki hukunta wanda ke gabanki da laifin wanda ya zo jiya.

Matar ba ta yi gardama ba. Ta koma gindin darbejiya ta zauna. Washegari ta dawo, ta sake zama a nan tun safe har la'asar, tana shayar da goyonta, tana kallon inda yara ke wasa ta gefen ido. Rana ta uku ma haka. Ina ganin ta ta taga, na ce a raina za ta gaji ta tafi. Ta tafi kuwa. Rana ta huɗu ba ta zo ba.

Bayan mako biyu aka yi wa yara kunun gyaɗa. Ya Falmata ba ta nan ran nan, ta je biki, wata ce ta yi girkin. Kafin azahar jikin Dija ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓanta suka kumbura, muka kwashe ta sai asibiti. Ya Falmata ta same mu a can, ko lafayar bikin ba ta cire ba. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce, "Wa ya ba ta gyaɗa? Ai uwarta ta ce kada a ba ta."

Na ce, "Wace uwa?"

Ta ce, "Hajiya, wace uwa kuma? Wadda ta kwana uku tana zama a gindin bishiya. Ranar ƙarshe ta biyo ni madafi, ta ce za a kwashe su zuwa wani wuri, ba ta san ina ba. Ta ce, don Allah 'yar tsohuwar nan kada a ba ta gyaɗa, jikinta ba ya so. Kuma ba ta barci sai an rufe mata ƙafa, ko ana zafi. Ta ba ni man shanu a 'yar kwalba ta ce a shafa mata a kai." Sai ta ƙara da cewa, "Na zo faɗa miki, kika ce min in tsaya a kan tukunyata."

Haka na ce mata kuwa, na tuna. Ki koyi wannan tun yanzu: mai girki, mai shara, mai gadi, sun fi ki sanin mutanen da kike yi wa aiki, domin a gabansu ba a ɓoye fuska. Ki riƙa gaishe su, ki riƙa tambayar su me suka gani. Ya Falmata ba ta taɓa zama a aji ba, amma a kallo ɗaya ta gane abin da ni da takarduna na kasa.

Na koma ofis na buɗe fayil don in nemi matar. Me zan gani? "Wata mata ta zo, ba a tabbatar ba." Shi ke nan. Ban rubuta sunanta ba, ban rubuta rugarsu ba, ban rubuta sansanin da take ba, ban tambayi sunan mijinta ba. Tunda na yanke cewa ƙarya take, ban ga amfanin ɓata tawada ba. Ki rubuta kowa, Yaya. Wanda kika yarda da shi da wanda ba ki yarda ba, musamman ma wanda ba ki yarda ba. Suna, gari, inda yake kwana, wa ya san shi. Layi biyu da ban rubuta ba su ne shekara goman nan.

Kuskure na gaba shi ya fi ci min rai, don wannan da idona biyu na yi shi. Na ɓoye. Na ji tsoron a ce Hajiya Rabi ta sake kwafsawa bayan na Amina. Maimakon in shiga wurin oga in ce na yi kuskure, a baza neman matar nan a duk sansanoni yau ɗin nan, sai na koma nema ni kaɗai a ɓoye, bayan an tashi aiki, ina bin keke daga wannan sansani zuwa wancan ina tambayar "wata Bafulatana mai goyo". Wace ce ba Bafulatana mai goyo ba? Wata biyu ina wannan wauta. Ranar da na yi ta maza na faɗa, an riga an kwashe mutane an rarraba, wasu sun tsallaka iyaka, sawu ya ɓace. Oga bai ko yi min faɗa ba. Cewa ya yi, "Da kin faɗa a makon, da mota guda ta isa."

Za ki yi kuskure a aikin nan, kada ki yaudari kanki. Ranar da kika yi, ki faɗa kafin rana ta faɗi. Mutuncinki zai warke, amma yaron da ke jiran ki gama jin kunya girma yake yi.

Da aka rufe gidan darbejiya, Ya Falmata ta nemi a ba ta riƙon Dija, aka bi ƙa'ida aka ba ta. Wannan karon kam na bi sawu har na zama kamar 'yar gida. Ta riƙe ta tsakani da Allah, kin gani da idonki. Amma ni da ita muka rufe bakinmu, muka bar yarinya tana jin ana ce mata marainiya. Muka ce sai ta girma. Gaskiyar magana ni nake jin tsoron idonta.

Watan jiya Malam Buba maƙwabcinmu, dillalin nan na kasuwar shanu, ya dawo daga Monguno. Yana ba babanku labari a zaure ina jin su. Ya ce akwai wata mai tallan nono a kasuwar can da ta ishi fatake, duk wanda ta ji daga Maiduguri yake sai ta tambaye shi ko ya san wani gidan gwamnati mai babbar darbejiya, da yaran da ke ciki ina aka kai su. Ya ce in an tambaye ta sunan wanda take nema, sai ta yi shiru ta ɗauki ƙwaryarta. Har dariya suke mata. Ban san lokacin da na fito zauren ba ko mayafin kirki babu. Na tsare shi da tambaya har ya tsorata. Abin da na samu: tana zama kusa da masu sayar da igiya, tana da ɗa namiji mai kamar shekara goma sha ɗaya, ana kiran ta Dudu. Kwana tara bayan haka takardar tura ki aiki ta fito, aka ce Monguno. Na shiga ɗaki na yi raka'a biyu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau keke na tafi Mafoni. Na zaunar da Dija a gaban Ya Falmata na faɗa mata komai, ban rage wa kaina ko ƙwaya ba. Ta ji har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Hajiya, Adda tana da wushirya?" Na ce ban sani ba, ban ga haƙoranta ba, ban ba ta dalilin murmushi ba. Ta ce, "Ina tuna wata mai wushirya tana yi min kitso, hannunta yana ƙanshin man shanu. Na ɗauka mafarki ne." Sai ta ce, "Kwana uku ta zauna?" Na ce uku. Ta ce, "Ni ina ina?" Na ce kina tsakar gida kina wasa. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki. Ya Falmata ta share ido da bakin lafaya, ta ce, "A nemo ta. Ni riƙo aka ba ni, ba a ce na haifa ba. Amma in za a tafi da ita, da ni za a raka ta."

Kafin in fito Dija ta leƙo da saƙo gare ki. Ta ce, "Ki ce wa Anti in ta gan ta, ta duba min wushiryar."

To ga aiken. Ba a ɓoye za ki yi shi ba, na gaji da ɓoye-ɓoye. Ranar da kika kama aiki ki kai maganar gaban shugabarki, ki ce tsohon fayil ne na mahaifiyarki, kuskurenta ne, ki faɗi sunana kada ki ji nauyi. Kwafin abin da ya rage na fayil ɗin yana cikin ambulan ɗin nan. A buɗe shi bisa ƙa'ida, a haɗa ki da wadda ta fi ki daɗewa a aiki.

Kada kuma ɗokina ya sa ki yi na Amina. Mai yiwuwa ba ita ba ce, mata nawa ne ke neman 'ya'yansu. Kada ki je kasuwa da rigar aiki ki tsaya a kanta da fom. Ki je ki sayi nono, ki gaishe ta, ki koma gobe. In ta sake da ke, ki nemi zuwa inda take zaune. Kada ki ambaci Dija, kada ki ambaci gyaɗa, kada ki sa mata rai da abin da ba ki tabbatar ba. Kuma don girman Allah kada ki tambaye ta suna. Ki ce, "'Yar tsohuwar nan da kike nema, me jikinta ba ya so? Yaya take barci?" In ta ce gyaɗa, in ta ce a rufe ƙafa, ki kira ni a waya ko ina cikin salla ne, zan sallame in ɗauka.

In ita ce, kada ki ɗauka kin gama. Dija ta girma a Mafoni, Barbarci take ji, Fulatancin ya gudu, tana aji uku a sakandare. Ba kaya ba ce da za a ɗauka a mayar inda aka samo. A tambaye ta me take so, a tambayi uwar, a saurari Ya Falmata. Su fara jin muryar juna, su ga juna, a bi a hankali. Kuma ranar da za su haɗu, in kin ga matar ta kawar da kai ta dubi bango, ki kori kowa daga ɗakin, ke ma ki fita, ki ja musu ƙofa.

Ni kuma zan zo. Na san za ki ce gwiwa, babanku zai ce hanya. Ko ɗaukata za a yi a sa a mota, sai na je na durƙusa gaban matar nan yadda ta durƙusa gabana, na ce mata ya kamata a ce na gane ta tun ranar, tsoro da girman kai ne suka rufe min baki. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ba ta yafe ba, haƙƙinta ne. In kuma ba ita ba ce, za mu ci gaba da nema, ni daga nan ke daga can, har sai an samu ko an binne ni.

Ki kula da kanki. Kada ki fita gari sai yadda aka tsara muku, kada ki yi jarumtar banza a hanya. Ki ci abinci a kan lokaci, na san halinki in aiki ya kama ki. Abin da za ki ji a bakin mutane zai yi miki nauyi, ki sami wadda za ki riƙa faɗa wa, kada ki haɗiye kamar uwarki. Ki riƙe salla.

Saura abu ɗaya. Tun ranar da Malam Buba ya yi maganar nan nake tunani: da ni ce na gudo, da ke ce a gidan darbejiya, aka tsayar da ni a layi aka ce yaya sunanta, wallahi shiru zan yi. Da wata mai tabarau ta rubuta babu alamar shaƙuwa. Shekara ashirin da shida kina ganin ina kawar da kai in kin shigo, ina miƙa wa ƙannenki abin da ke na tanadar wa. Ban sani ba ko ke ma a ranki kin taɓa cike min wannan akwatin. In kin taɓa, ki goge. Ranar da aka haife ki ban iya barin kallon ki ba sai da kakarki ta zungure ni, kuma tun daga ranar satar kallon ki nake yi.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo min da ke lafiya. Allah Ya sa ki fi ni ido, ki fi ni haƙuri, ki fi ni saurin cewa na yi kuskure. Allah Ya haɗa Dija da uwarta ta hannunki.

Allah Ya yi miki albarka, Zainab.

Mahaifiyarki,
Rabi